Gregor Mendel: Ɗan manomin da ya ƙirga wake har ya gano yadda gado ke tafiya

Duk shekara idan damina ta matso, a unguwar Sabon Gari ta birnin Maradi da garuruwan Tibiri da Jiratawa, ana fito da irin da aka ajiye a zuba a faifai ana tsincewa. Akwai abin da manoma suka daɗe suna gani. Wani lokaci mutum ya shuka farin wake zalla, ranar girbi ya tarar da 'yan jajaye a ciki. Mai lambu ya sayi irin tumatir mai alamar F1 a jikin ledarsa, ya yi masa kyau, ya ajiye 'ya'yansa ya shuka da shekara ta zagayo, sai lambun ya fito kala-kala, wani dogo wani gajere.

Mutumin da ya fara bayyana dalilin haka da lissafi shi ne Gregor Mendel, wani limamin Kirista ɗan ƙasar Ostiriya da ya rasu a 1884. Ya yi aikin ne a ɗan lambun gidan ibadarsu, kuma ya bar duniya ba tare da masanan zamaninsa sun gane abin da ya gano ba. A cikin rubutunsa akwai wani gwajin wake da bai fito yadda ya zata ba, wanda ya taɓo matsalar da masu gyaran ƙwayoyin gadon tsirrai ke fama da ita a yau.

Ɗan talaka mai son karatu

An haifi Johann Mendel a watan Yulin 1822 a ƙauyen Heinzendorf, wanda yanzu ake kira Hynčice a Jamhuriyar Cek. A lokacin yankin yana ƙarƙashin daular Ostiriya. Mahaifinsa Anton ƙaramin manomi ne, kuma dokar lokacin ta tilasta masa yi wa mai ƙasa aikin kwana uku kyauta a kowane mako. A wurinsa yaron ya koyi dashen itatuwa da kiwon zuma.

Malaman ƙauyen sun lura da kaifin basirarsa, suka ba da shawarar a tura shi gaba. A 1834 ya shiga makarantar sakandare a garin Troppau. Kuɗin da iyayensa ke iya biya bai kai ya ci ya ƙoshi ba. A 1838 wani gungumen icce ya faɗo wa mahaifinsa ya ji masa mummunan rauni, daga nan Johann ya koma koyar da 'yan'uwansa ɗalibai don ya samu na abinci. Wahalar ta sha kwantar da shi, har yakan koma gida ya yi watanni yana jinya.

Shi kaɗai ne namiji a gidan, don haka shi ake sa ran zai gaji gona. Bai karɓa ba, gonar ta koma hannun mijin yayarsa Veronika. Ƙanwarsa Theresia ce ta ba shi wani ɓangare na dukiyar da aka ware mata ta aure, da ita ya ƙarasa karatu a birnin Olomouc tsakanin 1840 da 1843. Bai manta wannan alheri ba. Daga baya shi ya ɗauki nauyin karatun 'ya'yanta maza uku, biyu a cikinsu suka zama likitoci.

A 1843, da shawarar malaminsa na kimiyya Friedrich Franz, ya shiga gidan zuhudu na Waliyyi Toma da ke birnin Brno, inda aka ba shi sunan Gregor. Gidan na da babban ɗakin karatu, kuma shugabansa Cyrill Napp mutum ne mai sha'awar noma da kiwo. Brno gari ne na masaƙun ulu, masu tumaki na ta muhawara kan yadda za a samu rago mai gashi mai kyau, 'ya'yansa kuma su gaje shi. Tambayar abin da ake gada da yadda ake gadonsa ta riga Mendel isa gidan.

Malamin da ya faɗi jarrabawa sau biyu

An naɗa shi limami a 1847, aka ba shi aikin ziyartar marasa lafiya a asibiti. Bai iya jure ganin masu wahala ba, shi ma ya kwanta. Sai Napp ya tura shi koyarwa a garin Znaim a 1849. Ɗalibai sun so shi, amma da ya zauna jarrabawar samun takardar malanta a 1850 sai ya faɗi, har da fannin sanin halittu.

Wannan faɗuwa ce ta kai shi Jami'ar Biyana, inda ya yi karatu daga 1851 zuwa 1853. A can ya koyi kimiyyar fiziya a wurin Christian Doppler, ya koyi ilimin tsirrai a wurin Franz Unger. Ya dawo da ɗabi'ar masu fiziya: a tsara gwaji tun kafin a fara, a canza abu ɗaya kawai, a ƙirga sakamako da yawa. Masu nazarin tsirrai na zamanin sun fi bayyana abin da ido ya gani, ba su cika ƙirgawa ba.

A 1856 ya sake gwada jarrabawar, rashin lafiya ta hana shi kai ta ƙarshe. Haka ya ci gaba da koyarwa a wata makarantar Brno a matsayin malamin wucin gadi har tsawon shekara 14.

Shekara takwas a cikin lambu

Tsiron da ya zaɓa shi ne waken Turawa, ƙananan korayen 'ya'yan nan da ake zubawa a shinkafa da salak. Furensa a rufe yake, yana yi wa kansa barbara, don haka iri ba ya gauraya da kansa. Mendel ya samo iri 34 daga masu sayarwa, ya yi shekara biyu yana shuka su don ya tabbatar kowanne na haifar kamarsa, sannan ya tsayar da 22.

Ya ware siffofi bakwai da ba a ruɗewa a kansu, ciki har da ƙwaya mai santsi ko mai tamoji, rawaya ko koriya, tsiro dogo ko gajere. Yakan buɗe fure tun yana ƙarami, ya cire sashen namiji, ya shafa masa garin furen wani irin, ya rufe shi don kada ƙwari su kawo wani. Daga 1856 zuwa 1863 ya bi diddigin tsirrai kusan 28,000.

Da ya haɗa mai santsi da mai tamoji, 'ya'yan farko duk suka fito masu santsi, kamar tamojin ya ɓace. Da ya bar waɗannan suka haihu, sai tamojin ya dawo. A cikin ƙwaya 7,324 ya samu 5,474 masu santsi da 1,850 masu tamoji. A gwajin launi ya samu 6,022 rawaya da 2,001 koraye. A na tsayi, dogaye 787 da gajeru 277. Kowane lokaci lissafin na kusa da uku bisa ɗaya.

A zamanin an ɗauka siffofin uwa da uba narkewa suke su gauraye, kamar nono da fura. Mendel ya nuna ba haka ba ne. Kowace siffa tana da wani abu da ke ɗauke da ita, ɗa na karɓar ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Wani na da rinjaye, wani kuma laɓewa yake, amma ba ya ɓacewa. Idan laɓaɓɓu biyu suka haɗu a jika, sai siffar kaka ta bayyana. Wannan abin ne yau ake kira ƙwayar gado. Shi ne kuma dalilin da irin F1 ke fitowa bai ɗaya a shekarar farko, ya rarrabu a ta biyu.

Ya gabatar da sakamakon a gaban ƙungiyar masu nazarin halittu ta Brno a ranakun 8 ga Fabrairu da 8 ga Maris na 1865, aka buga shi a mujallar ƙungiyar a 1866. Ya karɓi kwafi 40, ya aika wa wasu manyan masana. Kusan babu wanda ya kula.

Fure ɗaya cikin 31

Kusa da ƙarshen wannan rubutu Mendel ya ba da labarin wani gwaji da ya yi da wake, dangin wanda asalinsa daga nahiyar Amurka ne, ba irin namu na Afirka ba. Ya haɗa mai farin fure da mai jan fure. Tsayin tsiro da siffar kwanso sun bi lissafin da ya sani. Launin fure kuwa ya ƙi. Jikokin sun fito da launuka hawa-hawa, kuma cikin tsirrai 31 da suka yi fure, ɗaya tak ne fari, alhali lissafinsa na cewa a samu ɗaya cikin huɗu.

Bai ɓoye sakamakon ba. Ya yi hasashen cewa mai yiwuwa abu biyu ko fiye ne ke ba da launin, kowanne na tafiya da kansa. In biyu ne, fari ba zai fito ba sai duka biyun sun laɓe a tsiro ɗaya, wato sau ɗaya cikin 16. Ya kuma yarda cewa tsirran da ya samu sun yi kaɗan a yanke hukunci da su.

Bayan shekara 40 da ɗoriya aka tabbatar da irin wannan lissafi. A 1909 Herman Nilsson-Ehle na ƙasar Suwidin ya haɗa jar alkama da fara, ya samu 15 bisa ɗaya a wasu, 63 bisa ɗaya a wasu. Ma'ana, ƙwayoyin gado biyu ko uku ne ke aiki iri ɗaya, kuma ko ɗaya ce ta rage da rai, alkamar za ta yi ja.

Misalin abin kamar gida ne mai rijiya biyu. In ɗaya ta rufta, mutanen gidan ba za su kwana da ƙishirwa ba, kuma baƙo ba zai san an yi asara ba. Sai duka biyun sun ƙafe ake gane amfaninsu. Siffofi bakwai da Mendel ya zaɓa a waken Turawa duk masu rijiya ɗaya ne, shi ya sa lissafinsa ya fito sarai.

Ciyawar da ta karya masa gwiwa

Cikin waɗanda ya aika wa rubutunsa, wanda ya riƙa amsa masa shi ne Carl Nägeli, babban masanin tsirrai a birnin Munich na Jamus. Nägeli bai gamsu ba, kuma wasiƙunsu suka karkata kan wata ciyawa mai suna Hieracium. Mendel ya yi shekaru yana fama da ƙananan furanninta da madubi da allura har idanunsa suka samu matsala. Sakamakon ya saɓa wa na wake. Sai bayan rasuwarsa aka gano cewa wannan ciyawa na yin 'ya'ya galibi ba tare da barbara ba, don haka ba ta dace da gwajin ba tun farko.

A 1868 aka zaɓe shi shugaban gidan bayan rasuwar Napp. Aikin ofis ya cinye lokacinsa, ko da yake ya ci gaba da kiwon zuma da rubuta yanayin sama kullum. A 1874 gwamnati ta ɗora wa gidajen zuhudu sabon haraji. Mendel ya ce harajin ya saɓa wa doka, ya ƙi biya. Sauran shugabanni suka sassauta ɗaya bayan ɗaya, shi ya tsaya a kan bakansa har ƙarshen rayuwarsa, abin da ya raba shi da abokai da yawa.

Ya rasu ranar 6 ga Janairun 1884 yana da shekara 61, bayan doguwar jinyar ciwon ƙoda. An ƙone yawancin takardunsa bayan rasuwarsa. Jama'ar Brno sun yi masa jana'iza a matsayin limami mai kyauta kuma tsohon malami.

A 1900 masana uku, Hugo de Vries na Holan da Carl Correns na Jamus da Erich von Tschermak na Ostiriya, suka buga sakamako irin nasa, aka kuma tono rubutunsa na 1866. Ba kowa ya karɓa ba. A 1936 masanin lissafi Ronald Fisher ya ce alƙaluman Mendel sun yi kyau fiye da kima, muhawarar da aka daɗe ana yi, amma gwaje-gwajen da aka maimaita sun tabbatar da ƙa'idojin. A Tarayyar Sobiyet kuwa, Trofim Lysenko ya sa aka haramta koyar da su a 1948. Kafin nan an riga an ɗaure babban masanin iri Nikolai Vavilov, wanda ya mutu a kurkuku a 1943.

Abin da ya shafi gyaɗar Maradi

Tsirrai sun fi dabbobi yawan ƙwayoyin gado masu maimaita aikin juna. A 1970 masanin nan ɗan Japan, Susumu Ohno, ya bayyana cewa ninkuwar ƙwayar gado hanya ce ta samun sabon abu: ɗaya ta riƙe tsohon aiki, ɗayar ta samu damar canzawa. Da aka karance kundin gadon ɗan tsiron gwaji Arabidopsis a 2000, an ga mafi yawan ƙwayoyinsa na da 'yan'uwa masu kama da su.

Wasu amfanin gonar ma kundin gaba ɗaya ne ya ninku. Alkamar burodi ta fito ne daga haɗuwar ciyayi uku, don haka kusan kowace ƙwayar gado tana da kwafi uku. Gyaɗa, wadda ta ɗaga Maradi a shekarun 1950 da 1960 har ta zama cibiyar cinikinta a Nijar, ta fito daga haɗuwar dangi biyu na daji a Kudancin Amurka, kwafi biyu ke nan.

Wannan ya taɓa rayuwar manoma kai tsaye. A 1975, jim kaɗan bayan babban fari, cutar kuturtar gyaɗa ta lalata kusan hekta 700,000 a arewacin Najeriya, Nijar ma ba ta tsira ba. Tun a shekarun 1950 an samu gyaɗar da ke jure cutar a iyakar Burkina Faso da Kodebuwa, kuma binciken farko ya nuna laɓaɓɓun ƙwayoyin gado biyu ne ke ba da juriyar. Wato mai haɗa iri zai samu tsiro ɗaya ne cikin 16, lissafin da Mendel ya yi hasashe a kan furen wake. Haka ma gyaɗar da manta ke daɗewa bai yi wari ba, wadda aka gano a jihar Florida ta Amurka a 1987: sai kwafi biyu na ƙwayar FAD2 sun daina aiki siffar ke fitowa sosai.

A nan wahalar masu bincike take. Hanyar da aka saba bi don sanin aikin ƙwayar gado ita ce a kashe ta a ga abin da zai canza. In tana da 'yar'uwa mai riƙe mata aiki, ba abin da za a gani. Haɗa su ta barbara na cin shekaru: biyu, ɗaya cikin 16; uku, ɗaya cikin 64; huɗu, ɗaya cikin 256. In kuma suna manne da juna a wuri ɗaya, tare ake gadonsu, haɗa lalatattun kwafinsu ta barbara ya kusa gagara.

Almakashin da ke yanka wuri da yawa

A 2012 Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka nuna yadda za a yi amfani da CRISPR, wata hanyar kariya ta ƙwayoyin bakteriya, a matsayin almakashi mai yanka DNA a wurin da aka nufa. Sun samu kyautar Nobel a 2020. Ana ba almakashin ɗan jagora mai ɗauke da adireshin wurin. Tunda 'yan'uwan ƙwayar gado sun yi kama, jagora ɗaya na iya kai shi ga dukkansu, ko kuma a tura jagora da yawa lokaci guda.

Shahararren misali ya fito daga ƙasar Sin a 2014. Tawagar Gao Caixia ta yi amfani da wani almakashin mai suna TALEN ta kashe kwafi uku na ƙwayar MLO a alkama. Sai da ukun suka mutu alkamar ta jure cutar farin gari da ke rufe ganye. An kuma ga illa: tsiron na saurin tsufa, amfaninsa na raguwa. Sai a 2022 tawagar ta sanar da samun wanda ke da juriyar ba tare da wannan asara ba. Kwafin da ake gani kamar rara ne yakan zama yana da nasa aikin.

An karance kundin gadon gero a 2017, na wake kuma a 2019, abin da ya buɗe ƙofar irin wannan bincike a kan abincin da ake ci a nan. A Kenya, Farfesa Steven Runo na Jami'ar Kenyatta na gwada gyara dawa don ta jure ƙuduji. Najeriya ta fitar da ƙa'idojin gyaran ƙwayoyin gado a ƙarshen 2020. Har yanzu ana muhawara kan wa zai mallaki irin, nawa za a sayar, da ko manomi zai iya ajiye nasa kamar yadda ya saba.

A cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Tarna kusa da Maradi, wadda irin geron CIVT ke ɗauke da sunanta, da tsangayar aikin gona ta Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, ƙa'idojin Mendel ne harsashin aikin haɗa iri. Ko tsiron da aka gyara da almakashi, sai an shuka 'ya'yansa da jikokinsa an ƙirga kafin a san abin da aka samu.

Shi kansa waken Mendel an daɗe ana bin sawunsa. A 1990 masana a cibiyar John Innes ta Ingila suka gano cewa tamojin ƙwaya na zuwa ne daga wani guntun DNA da ya kutsa cikin ƙwayar gadon da ke sarrafa sitaci, sai sukari ya yi yawa, ƙwayar ta sha ruwa, in ta bushe ta yamutse. Sauran siffofin da suka rage cikin bakwai ɗin sai a 2025 aka kammala gano su, bayan masanan Ingila da Sin sun karance gadon irin waken Turawa kusan 700. Shekara 160 ke nan bayan daren da Mendel ya karanta alƙalumansa a Brno.